Awon da Na Yi wa Innarku

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da Ya ara mini kwana har na iso wannan wuri a rubutuna. Na fi wata uku ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata a Makoda, na rubuta aurena da Innarku da shekarar da gobara ta cinye mana rumbu, duk cikin sauƙi, amma da na zo nan sai hannuna ya yi nauyi. Ku jikokina, abin da aka gaya muku shi ne akwai shekarar da aka kawo wa Inna jabun magani ta kusa mutuwa. Maganin nan ba jabu ba ne. Wasu kuma a dangi har yau suna rage murya idan an ambaci shekarar, su ce sakacin Sa'adatu ne. Wannan ma ba haka ba ne. Ga yadda aka yi.

Sai kun san ko ni wane ne a lokacin za ku gane sauran. Shekara talatin da wani abu na yi ina awon hatsi a kasuwar Dawanau. Ba ni da rumfa, ba ni da hatsin kaina, kwano da hannu su ne jarina. Mai kaya ya sauke, mai saye ya tsaya, ni in durƙusa a tsakaninsu in auna, kowa ya tafi bai ce an cuce shi ba. Ina ɗaga kwano in san an bubbuge gindinsa ko ba a bubbuge ba. Ina cusa hannu cikin buhun wake in gaya maka ko ya gama bushewa. Da sikeli ya shigo kasuwa, da yawa cikin sa'o'ina suka ja baya, ni kuwa na koma ajin yaƙi da jahilci na koyi lambobin boko, na haddace cewa giram dubu shi ne kilo ɗaya. Ko da gwiwa ta gaji na dawo gida gaba ɗaya, ba a daina nemana ba. In za a fitar da zakkar hatsi, a aiko a kira Malam Idi. In magada sun kasa raba abin da ke rumbu, a kira Malam Idi. Ina jin daɗin wannan kira fiye da yadda nake nunawa.

Ciwon Innarku a hankali ya zo. Ƙugu, cinya, sai haƙarƙari. Ta kai ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango, tafiyarta ta koma rangaji. Mun sha jiƙe-jiƙe, mun yi shafe-shafe, daga baya muka je asibiti a birni. Wata likita ta sa aka ɗebi jininta, ta ce ƙasusuwanta ne suka yi laushi saboda ƙarancin wani abu da ake kira bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Na yi dariya, na ce ai rana ba ta yi mana ƙaranci a Makoda ba. Likitar ta tambayi Inna awa nawa take yi a tsakar gida. Sai muka lura, tun da ta bar girki ta koma ɗaki da carbinta, rana ba ta ganinta sai ta taga. Aka ce ta riƙa shan hantsi, aka kuma rubuta mata a takarda: hamsin kullum, da wasu ƙananan haruffa uku a gefe, mcg. Kwalbar da muka saya kowane kafso ashirin da biyar ne, da haruffan nan uku. Biyu ke nan kullum. Lissafin bai ɗauke ni numfashi ɗaya ba.

Ni na karɓi riƙon maganin. Kwalbar a aljihun rigata take kwana. Kowace safiya in na dawo daga masallaci sai in zauna a zaure, in ƙirga, in miƙa wa Sa'adatu ta haɗa da koko ta kai mata. Sa'adatu matar babban ɗana ce, wanda ba na kama sunansa, ku kuke ce masa Baba Babba. Direban babbar mota ne, yana yin sati uku bai kwana a gida ba, don haka ita ce ke ɗauke da mu. 'Yar Alhaji Modu ce na Bacirawa, Barebari ne da kakanninsu suka zo Kano tun da daɗewa. Ta gama sakandare, tana kiwon kajin ƙwai a bayan gida, kuma tana da waya irin ta shafawa da nake yawan yi mata tsiya a kanta. Mace ce mai ƙarancin magana. Shekara shida tana gidana ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Magani ya karɓi Inna. Kafin bazara ta kama sosai har ta fara zuwa bakin ƙofa da ƙafarta. Ana cikin haka kwalbar ta ƙare, ya yi daidai da dawowar mijin Sa'adatu daga Kudu. Ya zo da wata kwalba fara, ya ce ya shiga wani babban kantin magani ya ce a ba shi bitamin D mafi ƙarfi. Washegari ya koma kan hanya.

Na zauna a zaure na sa tabarau. Na ga D ɗin nan, na gane ta. Amma lambar ba ashirin da biyar ba ce. An rubuta 50,000, a gefenta haruffa biyu manya, I da U. Na juya kwalbar, na sake juyawa. Nan take kaina ya ba ni amsa, kuma amsar ta yi mini daɗi. Na ce wannan ai irin giram da kilo ne. Ƙaramin ma'auni dubu shi ne babba ɗaya. Dubu hamsin na ƙarami, hamsin ke nan na babba. Ga hamsin a takardar likita, ga hamsin a kwalba. Kafso ɗaya kullum, har an rage wa Inna wahalar haɗiya.

Da Sa'adatu ta zo karɓa, ta durƙusa daga nesa kamar kullum, na miƙa mata ɗaya. Ta dubi tafin hannunta.

"Baba, yau ɗaya ne?"

"Ɗaya ne. Wannan ya fi wancan ƙarfi."

Sai ta ce, kanta a ƙasa:

"Akwai wata manhaja a wayata da nake duba bitamin ɗin kaji da ita, in an canza kamfani. Ko in duba mana wannan, Baba?"

Har yau ina jin muryata a kunnena. Ban yi tsawa ba, da ma tsawar na yi da ya fi. Dariya na yi.

"Sa'adatu, tun ba a haife ki ba nake awo. Innarku kuma ba kaza ba ce."

Ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Baba." Ta tashi ta shiga.

Sati uku na farko ba mu ga komai ba. Daga nan ƙishirwa ta fara. Inna ta shanye moɗa ta nemi wata, ta yini tana zagawa bayan gida. Muka ce zafi ne, don bazarar shekarar ta yi tsanani. Sai abinci ya fita ranta, sai cikinta ya ɗaure, sai amai. Ni kuwa kullum safiya ina zaure ina miƙa kafso ɗaya, har ina cewa a tabbatar ta haɗiye, kada rashin cin abinci ya sa ƙashin ya koma gidan jiya. Wajen sati na bakwai, ran nan da hantsi, na shiga gaishe ta, ta dube ni ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu tun muna da 'ya'ya biyu. Ta tambaye ni ko an ɗaure akuyoyi. Rabonmu da akuya ya fi shekara goma.

Bayan azahar ina zaure na rasa abin da ke mini daɗi, Sa'adatu ta yi sallama. Ba ta taɓa zuwa zaure ba a kira ta ba. Ta durƙusa, ta ajiye wayarta a gefen tabarmata, ta tura ta da ɗan yatsa.

"Baba, ka yafe mini. Da safe da ka ajiye kwalbar za ka yi alwala, na karanta lambar. Na duba."

Na ɗauki wayar. Abin ba shi da wani ado. Akwati ne a sama da aka zaɓi sunan bitamin, an sa D. Ƙasa da shi wani akwatin da ta rubuta 50,000, a gefe IU. A can ƙasa amsa ta fito da baƙaƙen lambobi: 1,250 mcg.

Na ce, "Wannan ƙarya yake. Hamsin ya kamata ya ba ki."

"Baba, ba dubu ake rabawa ba. A bitamin D, IU arba'in ne ke ba da maikirogiram ɗaya, wato mcg ɗin nan. Ga shi an rubuta a ƙasa."

Arba'in. Kamar kwano arba'in a buhu, lissafin da nake yi ko a cikin barci. Ban buƙaci waya ta ƙarasa mini ba. Dubu hamsin a raba arba'in, dubu da ɗari biyu da hamsin. A raba da hamsin ɗin likita, ashirin da biyar. Rabon kwana ashirin da biyar nake ɗura wa matata a safiya ɗaya, kusan wata biyu. Na ji zauren ya yi mini ƙunci. Duk da haka bakina bai daina neman mafita ba, na ce to me ya sa ba a yi ma'aunin kamar giram da kilo ba. Ta matso kaɗan, ta taɓa akwatin sama ta canza D zuwa A, ba ta taɓa lambar ba. Amsar ta koma 15,000.

"IU ba nauyi ba ne, Baba. Ƙarfin aikin maganin ake nufi. Kowane bitamin da nasa lissafin."

Ni da na san kwanon gero da kwanon gyada ba nauyinsu ɗaya ba, ban taɓa kawo wa raina cewa na magani ma haka yake ba. Na miƙe na fita neman mota.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa mata ƙarin ruwa leda bayan leda. Likitar ta ce sinadarin ƙashi ne ya yi yawa a jininta har ya fara taɓa ƙoda, kuma irin wannan kafso ana ba da shi ne sati-sati, shi ma sai da umarnin likita. Kafin magariba 'yata Binta ta iso daga gidan mijinta a Dawanau, washegari mijin Sa'adatu ya bar motarsa a hanya ya taho. Muna tsaye gefen gadon mu huɗu, likitar ta ɗaga farar kwalbar.

"Wa yake ba ta wannan kullum?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma kafin numfashina ya zama magana, na ji muryar Sa'adatu daga bayana:

"Ni ce nake kai mata."

Ba ƙarya ta yi ba, ita ke kaiwa. Ta dai yanke gaskiyar ne daidai inda za ta rufe ni. Likitar ta yi mata faɗa mai zafi, ta ce mace mai ilimi da waya a hannu ba ta da uzuri. Binta ta juya ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ni kuma, Malam Idi ma'auni, na tsaya ina kallon ledar ruwa tana ɗiga, na rufe bakina.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi a gadon nan, Allah Ya tashe ta. Hankalinta ya dawo, ƙodar ta farfaɗo, aka ce a dakatar da bitamin sai an sake gwaji. Muka dawo gida ana shuka. Amma gidan da muka dawo ba shi ne wanda muka bari ba. Binta ta tare a wurinmu ta karɓe girkin Inna, ko ruwa Sa'adatu ta ɗebo sai ta zubar ta sake ɗebowa. Mata suka riƙa shigowa dubiya, su gaishe da kowa su tsallake ta. Masu sayen ƙwanta suka ragu. Mijinta bai yi mata faɗa a gabana ba, amma na ga ya daina cin abinci a ɗakinta. Ina ganin duk wannan. Kullum in ce gobe zan yi magana, in Inna ta ƙara ƙarfi, in baƙi sun ragu, in an gama noman farko. Sa'adatu kuwa kowace safiya sai ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar babu abin da ya faru, kuma wannan gaisuwa ta fi mini zagi ciwo. Da aka yi wata guda, ta ce mahaifiyarta ba ta jin daɗi, tana so ta je Bacirawa ta kwana biyu. Ta sayar da kajin, ta ɗauki 'ya'yanta biyu. Kowa ya san ba kwana biyu ba ne, ba kuma wanda ya hana ta.

Haka damina ta wuce. Gero ya yi kyau a shekarar, ni ban ji daɗinsa ba. Da kaka ta yi, maƙwabcina Malam Sule ya aiko in zo in fitar masa da zakka. Na je, aka shimfiɗa tabarma, aka zube hatsi, mutane suka kewaye. Na durƙusa na cika kwanon farko, na share bakinsa. Sai wani daga cikin mutanen ya ce wa na kusa da shi, don ya faranta mini:

"Ka ga hannun da bai taɓa zaluntar kowa ba."

Kwanon ya yi mini nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Na ajiye shi, na ce wa Malam Sule ya nemi wani, ba ni da lafiya. Na taho gida ban tsaya ko'ina ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana shan hantsi, ta miƙe ƙafafu tana tsince wake. Binta ta koma gidanta tun tuni. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, tun daga lissafin giram da kilo har dariyar da na yi wa yarinyar, har shirun asibiti. Ba ta daina tsintar wakenta ba sai da na kai ƙarshe.

"Na sani, Malam."

"Kin sani?"

"Kwalbar a aljihun wa take kwana? Ciwo na yi, ban haukace ba. Tun da hankalina ya dawo na ji abin da ake faɗa, na san ba haka aka yi ba."

"To me ya hana ki magana?"

"Sau biyu na ce wa Binta ta bar yarinyar nan, ta ce tausayi ne ke damuna. In na fito na ce kai ne, an wanke ta, amma kai ka zauna da abin har kabari. So nake ya fito daga bakinka. Na dai fara gajiya da jira, na ba ka zuwa ƙarshen girbi."

Ta ɗago ta dube ni.

"Maganin ban riƙe ka da shi ba, don neman lafiyata kake yi. Na yarinyar nan ne ba ni da ikon yafewa. Tashi ka tafi."

Washegari na hau babur zuwa bakin titi, na shiga bas. Na sa aka kira mijin Sa'adatu da Binta a waya, na ce su same ni a Bacirawa, ban faɗa musu dalili ba. Alhaji Modu ya karɓe ni a ɗakin baƙinsa da fara'a, aka kawo ruwa da shayi. Mutum ne dogo mai sanyin magana, yana sayar da yadi. Daga yadda ya gaishe ni na gane 'yarsa ba ta gaya masa komai ba, yana ɗauka na zo bikon da ya daɗe yana jira ne, har ya fara ba ni haƙuri a kan kuskuren da ta yi. Na ce ya dakata. Na roƙi a kira ta, a kira mahaifiyarta ta tsaya ko daga bayan labule ne. Da kowa ya hallara na faɗi abin da na faɗa wa Inna, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ta nemi ta duba tun ranar farko na hana ta. Na ce ita ce ta gano, kuma da ta ƙara kwana uku tana jin kunyata da yanzu mun yi sadakar arba'in ɗin Inna.

Binta ce ta fara fashewa da kuka. Ɗana ya sunkuyar da kai, ya kasa duban kowa. Alhaji Modu ya daɗe yana murza carbi, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Wata huɗu kina gidan nan. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Baba, a gaban 'ya'yansa aka yi tambayar. Ban san abin zai yi nisa haka ba. Da ya yi nisa kuma, na ga in na faɗa kamar na tona masa asiri ne don in tsira."

Na juya na fuskance ta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidana, na ce ta yafe mini. Ta rufe fuska da mayafi ta ce ba komai, Baba. Na ce a'a, da komai, ki faɗa da bakinki in kin yafe, in kuma ba yanzu ba zan jira. Sai ta ce ta yafe. Alhaji Modu bai ba ni ita a ranar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wanda ya juya mata baya a ɗakinta shi zai zo ya yi nasa bikon. Sai da ɗana ya yi sawu uku.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sallame, na tsaya a ƙofar masallacinmu na maimaita maganar a gaban maza, don kowa ya kai wa matarsa. Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Daga shekarar nan kiran awo ya ja baya. Wasu sun ce tsufa ya kama Malam Idi, wasu suka ce wanda ya iya yin shiru wata biyar ba a ba shi rabon gado. Na biyun sun fi gaskiya. Iyayenku kuma, don su rufa mini asiri a wurinku, suka ƙirƙiro zancen jabun magani. Na gode musu da niyyar, amma rufin asirin da ya bar tabo a jikin wani ba na so.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Da Sa'adatu ta dawo ta sake zuba kaji, na kira ta zaure na ce ta koya mini abin nan. Ɗana ya sayo mini waya, ta sa mini manhajar, ta ƙara girman rubutun. Yatsana da ya saba da bakin kwano ya sha wahala kafin ya iya taɓa akwati ɗaya ba tare da ya taɓa uku ba. Ta koya mini in fara duba sunan bitamin, sannan irinsa, don A ma iri-iri ne, E ma haka. Ta koya mini bambancin mg da mcg, harafi ɗaya a tsakani amma ninki dubu. Ta nuna mini rubutun da ke can ƙasa, wanda ke cewa wannan abu juya ma'auni kawai yake yi, ba ya gaya maka nawa za ka sha. Na ce mata wannan layin ya fi duk sauran hankali.

Da aka sake gwada jinin Inna aka mayar da ita kan ɗan ƙaramin kafso, ni da Sa'adatu muka duba tare, muka kuma kai wa likitar ta gani da idonta. Labari ya bazu a unguwa cewa Malam Idi na duba kwalba. Yanzu mutum zai dawo daga kemis, takardarsa ta ce kaza, kwalbarsa ta ce wani abu daban, sai ya biyo ta zaurena. Mai ciki da aka ba maganin ƙarin jini, tsoho da ɗansa ya aiko masa da kwalba daga Saudiyya, masu kaji da buhunan sinadarinsu. In duba, in rubuta musu lambobin biyu a takarda, in ce su kai wa ma'aikacin asibitin garinmu ya faɗi nawa za a sha. Ba na ƙayyade wa kowa. Sau biyu na tarar da irin kwalbar nan mai dubu hamsin a hannun mutanen da ke shirin sha kullum. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi ai ya lissafa, dubu ake rabawa. Na ce masa zauna, in ba ka labari.

Innarku ta ƙara shekaru masu kyau bayan wannan, kuna gani da idonku. Da ƙafarta ta je sunan jikarmu Hajara ƙarama a ƙauyen gaba, ta ƙi hawa babur.

Idona ya yi rauni yanzu, don haka a littafi nake rubutawa, Sa'adatu ta buga muku a waya. Da na ba ta wannan babin ta riƙe shi kwana biyu, sannan ta zo zaure ta ce in cire shi, abin ya wuce. Na ce ba zan cire ba. Ta ce to akwai gyara.

"Baba, ka rubuta kamar ban yi laifin komai ba. Tun sati na uku, da ƙishirwar nan ta fara, raina ya ba ni maganin ne. Wayar tana hannuna. Kullum in ce yau zan roƙe ka in ga kwalbar, in na zo gabanka sai in kasa. Wata guda na yi ina jin kunyarka, Inna tana shan wahala. Shi ya sa da likita ta tambaya na amsa, don a raina ban ga na kuɓuta ba. In yaran nan za su karanta, su karanta har da wannan. Kada 'ya'yana mata su ɗauka shirun da na yi abin koyi ne."

Na ce mata kunyar nan ni na ɗora mata ita da dariyata. Ta ce duk da haka a rubuta.

Na ce to ɗauko biro. Ga shi na rubuta, yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.